Turanci a Kai, Baki a Ɗaure

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta zo, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Najeriya kan zauna wa wata takarda da ake kira gwajin Turancin baka. Tambayoyi 60 ne. A tambayi ɗalibi wace kalma ce ke ɗauke da sauti irin na wata, a kan wace gaɓa ake danna murya, waɗanne kalmomi ne ƙarshensu ke amo ɗaya. Ya duba zaɓi huɗu, ya ɗauki fensir ya cike gurbi. Tun daga farkon takardar har a karɓe ta, ba mai neman ya buɗe baki ya furta ko kalma guda. Yaro kan ci wannan takarda, ya sami kiredit ɗin da jami'a ke nema, ya yi shekara huɗu yana karatu da rubutu cikin Turanci. Ranar da ya sauka a sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Iseyin ko Iyana-Ipaja, na bayansa a layin karɓar katifa ya taɓa shi ya yi masa 'yar tambaya cikin raha, sai ya ji harshe ya yi masa nauyi. Kafin ya gama jera amsar a ransa, mai tambayar ya juya ga wani.

"Ina ji, mayarwa ce ba na iyawa." Duk mai koyar da manya Turanci a Arewa ya saba da wannan magana. Masu faɗarta kuma mutane ne masu ilimi. Akwai akantan da zai rubuta dogon rahoto ba tuntuɓe, amma da zarar an tashi shan shayi a wurin taro a Abuja sai ya ja gefe yana latsa waya. Akwai ma'aikaciyar jinyar da ta san aikinta ciki da bai, abin da ya tare mata hanyar Ingila kawai shi ne hirar minti 11 zuwa 14 da ake yi da mai gwaji a jarrabawar IELTS, inda hukumar ma'aikatan jinya ta can ke neman maki 7.

Mun daɗe muna ɗauka cewa Turancin hira shi ne na littafi da aka sassauta, wai wanda ya iya na littafin, na hira zai zo masa da kansa. Ni ban yarda ba. Fanni ne mai zaman kansa, da kalmominsa da saurinsa da ladubbansa, kuma da kunne da baki ake koyonsa, a cikin mutane. Abin da ya fi tare mana hanyarsa kuwa kunya ce.

Harshe ɗaya, hawa biyu

A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, Latin na coci da malamai, Turanci kuwa ya zauna a bakin manoma da masu sana'a. Da ya koma fada, ya koma ne ɗauke da dubban kalmomin aro. Shi ya sa har yau abu kaɗan ne Bature zai faɗa wanda ba shi da hanya biyu, ta ofis da ta gida. A takarda ya rubuta "postpone", a baki ya ce "put off". A takarda "tolerate", a baki "put up with". Makarantunmu sun ɗora mu a hawan sama, na wasiƙar neman aiki da rubutun insha'i, suka bar na ƙasa. Sai a tambayi saurayi inda yake zaune ya amsa da "I reside at", wanda a kunnen Bature maganar lauya ce a gaban alƙali.

Hawan ƙasan nan da 'yan ƙananan kalmomi aka gina shi, irin su "get" da "put" da "take" da "go", kowace ta ɗauko wata 'yar kalma ta rataya, ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. A duba abin da muke yi da "ci" da "sha". Ana cin amana, a ci bashi, a ci gaba, a ci kasuwa, a ci mutunci. Ana shan iska, a sha kashi, a sha alwashi, a sha kai. Baƙon da ya haddace cewa "ci" na abinci ne, "sha" na ruwa, ƙamus ba zai cece shi a majalisa ba. Mu ma ba wanda ya zaunar da mu ya karanta mana jerin nan. Kowace a wurinta muka ji ta har ta zauna.

A shekarun 1990 masana a Jami'ar Notingham tare da maɗaba'ar Cambridge suka naɗi hirarrakin mutanen Birtaniya a gidaje da shaguna da wuraren aiki, har kalma miliyan 5, suka zuba a kwamfuta. Da aka ƙirga kalmomin da suka fi tafiya bibbiyu, waɗanda suka zo kan gaba su ne "you know" da "I mean" da "I think". Malamin insha'i jan biro zai sa ya kashe su, amma a hira su ke riƙe wa mutum magana kafin ya lalubo abin da zai ce, su kuma ke tausasa ta. Aikin da "wato" da "ka gane" da "dai" da "ai" ke yi mana ke nan. A cire su daga Hausar mutum a ji yadda za ta bushe.

Wasu masu bincike biyu, Britt Erman da Beatrice Warren, sun lissafa a 2000 cewa fiye da rabin Turancin baka, wajen kashi 58 cikin 100, guntayen maganganu ne da aka riga aka ƙera, mai magana ɗauko su yake yi dunƙule. Dalilin haka yana ga lokaci. Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya auna hira a harsuna goma, ya gano cewa tsakanin tambaya da amsa tazarar ba ta cika wuce ɗaya bisa biyar na sakan ba. Alhali ƙwaƙwalwa na bukatar fiye da rabin sakan kafin ta ɗauko kalma ɗaya ta kai ta baki. Ashe mai hira tun ɗan'uwansa bai rufe baki ba ya shirya amsa. Wanda zai tsara jimla da Hausa, ya juya ta Turanci, ya duba ko aikatau ya dace da mai aiki, an bar shi a baya. Maginin da ya zo da bulo bugagge ya kai linta, wanda ya tsaya kwaɓa ƙasa yana buga tubali ɗaya-ɗaya bai fita daga tushe ba. Don haka abin haddacewa shi ne dunƙulen gaba ɗaya, a san kuma wurin da ake faɗarsa: "it's up to you", "I was about to", "never mind", "fair enough".

Abin da kunne bai kama ba

Da yawa daga masu cewa suna ji, abin da suke ji shi ne Turancin malaminsu da na mai karanta labarai. A kunna musu fim ba rubutu a ƙasa, sai su ce Turawan nan cinye magana suke yi. Gaskiya ne, cinyewa suke yi, kuma bisa ƙa'ida. Hausa na ba kowace gaɓa haƙƙinta, da tsayinta da karin sautinta. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa ya murƙushe na kusa da ita, wasulansu su koma wani ɗan gajeren sauti mara ƙarfi, wanda shi ne wasalin da ya fi yawa a harshen. "Comfortable" gaɓa huɗu ce a ido, uku a baki. "Chocolate" biyu ce. "Going to" ta zama "gonna", "want to" ta zama "wanna", jimlar kalma shida ta fito a numfashi ɗaya.

Mu ma haka muke yi ba mu lura ba. Bakano ba ya cewa "yaya aka yi", "ya akai" yake cewa. "Sai an jima" a bakin mai sauri ta zama "sanjima". Baturen da ya karanta Hausa a jami'a zai tsaya sororo a Kasuwar Kurmi, kuma duk kalmomin ya san su a rubuce. Maganin wannan ba ya wuce a ɗauki gajeriyar magana, ta minti ɗaya ko biyu, a saurare ta ba rubutu, a sake da rubutu a gaba ana lura da inda aka haɗe da inda aka haɗiye, sannan a rufe rubutun a sake. Maimaita abu ɗaya sau da yawa ya fi jin sabon abu kullum amfani, a farkon tafiya.

Me ya sa sai Turanci?

Bahaushe gwanin koyon harshe ne. Tun 1916 aka kafa Sabo a Ibadan, kuma fataken goro da na shanu da suka zauna can da Agege da Shagamu suna ciniki da Yarbanci ba tare da sun taɓa ganin nahawunsa a rubuce ba. Takari a Makka da Jidda sun iya Larabcin kasuwa. A Kano akwai samarin da suka tsinci Indiyanci daga finafinai har suna zolayar juna da shi. A ɗaya ɓangaren, Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari zai ce wa mace "kai", ya ce wa namiji "ke", a yi ciniki a rabu lafiya, bayan 'yan shekaru ka ji Hausa a bakinsa har da karin magana. Ba wanda ya tsaya jira sai ya ƙware kafin ya fara. To me ya sa Turanci kaɗai ke ɗaure mana baki?

Saboda shi kaɗai muka mayar ma'aunin ilimi. Wanda ya kwafsa a Yarbanci baƙo ne mai ƙoƙari. Wanda ya kwafsa a Turanci an ce bai yi boko ba. A makarantu da yawa an yi zamanin da mai kula da aji ke rubuta sunan duk wanda aka ji yana Hausa, a ci shi tara ko a zane shi, kuma a wasu wuraren zamanin bai wuce ba. Abin da wannan doka ta koya wa yara shi ne shiru. Wanda ya daure ya yi magana ya sa "he" a wurin "she", aji ya fashe da dariya, sunan ya bi shi har ya gama makaranta. Yau abin ya koma intanet: ɗan siyasa ko 'yar fim ta yi tuntuɓen harshe, a yanko bidiyon a yi mako ana yawo da shi. Masu dariyar nan da yawansu ba za su iya tsayawa gaban kyamara su yi minti ɗaya ba, kuma kowace dariya tana ƙara rufe bakin wani yaro da ke kallo. Wannan ɗabi'a tana ci mini rai, don asararta a kanmu take komawa.

Sannan ga son dogon Turanci. Mai jero manyan kalmomin da sai an buɗe ƙamus shi ake tafa wa, mai faɗar abu a sauƙaƙe a ce bai yi nisa ba. Sai mai koyo ya raina ƙananan kalmomin da hira ke tafiya a kansu.

Stephen Krashen na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1982. Ya raba sanin ƙa'idar harshe da ɗaukar harshe, ya ce ƙa'idar da aka haddace aikinta sa ido ne a kan abin da baki zai fitar, kuma idan sa idon ya yi yawa magana ba ta fita. Ya ƙara da cewa fargaba kan toshe hanyar da harshe ke bi ya shiga. Masana sun yi ta jayayya da shi a kan abubuwa da dama, amma duk wanda ya taɓa miƙewa a aji gabansa na faɗuwa ya san gaskiyar wannan ɓangaren.

Ji da yawa, sannan a buɗe baki

Shawarar Krashen ita ce a yawaita jin abin da ake fahimtar mafi yawansa. Labari mai daɗi shi ne hira ba ta bukatar kalmomi masu yawa. Paul Nation, masanin kalmomi daga Niyuzilan, ya ƙiyasta a 2006 cewa tushen kalma 6,000 zuwa 7,000, kowane da rassansa, sun isa a gane kashi 98 cikin 100 na Turancin baka, alhali karatun littafi na neman 8,000 zuwa 9,000. Stuart Webb da Michael Rodgers kuma sun nuna a 2009 cewa 3,000 na farko sun rufe kusan kashi 95 na abin da ake faɗa a finafinai da shirye-shiryen talabijin. Wanda ya yi sakandare da gaske yana da kaso mai tsoka na waɗannan a kansa. Bai dai saba jin su a guje ba.

Kim Nam-joon, jagoran mawaƙan BTS na Koriya ta Kudu da aka fi sani da RM, ya faɗa a wani shirin talabijin na Amurka a 2017 cewa da wasan barkwancin nan Friends ya koyi Turanci: ya fara kallo da fassarar Koriyanci a ƙasa, ya sake da rubutun Turanci, sannan ya cire rubutun. Shekara ɗaya bayan haka ya yi jawabi da Turanci a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsarin nasa ne abin ɗauka, ba lallai shirin ba, don akwai abubuwa a cikinsa da magidanci ba zai so a kunna a falonsa ba. Kowa ya nemi abin da ransa ke so: hirar da ake yi da 'yan ƙwallo bayan wasa, bidiyon girki ko na gyaran waya, wa'azin malamai irin su Mufti Menk na Zimbabuwe da ke magana a sauƙaƙe, ko shirin BBC na 6 Minute English. Wanda wannan ma ya yi wa sauri ya fara da irin labaran da Muryar Amurka ta ƙirƙiro a 1959, masu tafiya a hankali da kalmomi kusan 1,500, amma kada ya daɗe a nan, don ba mai hira da wannan tafiyar.

Sai dai ji kaɗai ba ya isa, kuma Kanada ce ta tabbatar. A can an yi shekaru ana koyar da yara 'yan gidan Turanci dukkan darussa da Faransanci. Merrill Swain ta lura a 1985 cewa yaran na fahimta kusan daidai da 'yan asalin harshen, amma idan suka zo magana sai giɓi ya bayyana, saboda a aji malami ke ta zuba, su amsarsu kalma ɗaya ce ko biyu. Sai mutum ya yi yunƙurin faɗar abu ya kasa yake gane abin da ya rasa, daga nan kunnensa ya fara farautarsa. Ajin nan na Kanada hoton ajinmu ne sak. Akwai kuma kishiyarsa. Richard Schmidt ya bi wani mai zane ɗan Japan da ke zaune a Hawai, wanda ya sakaya da suna Wes, har shekara uku. Mutumin ya zama gwanin hira, yana da abokai ko'ina, amma nahawunsa kusan bai motsa ba, don bai damu ya lura da bambancin abin da yake faɗa da abin da ake faɗa masa ba. Ɗan bokonmu yana da abin da Wes ya rasa, ya rasa abin da Wes ke da shi.

Hanyoyin motsa baki ba su da tsada. Masu koyon aikin tafinta suna da wani atisaye na bin sawu: a kunna magana, kana ji kana maimaitawa a bayan mai maganar da 'yar tazara, kana kwaikwayon inda ya danna da inda ya sassauta. Akwai wata dabara da Nation ya gwada a 1989: ka ba da labari ɗaya cikin minti huɗu, ka sake ba wani cikin uku, sannan wani cikin biyu. Labarin bai sauya ba, lokaci ne ke matsewa, sai inda-inda ta ragu. Matar da ba ta zuwa majalisa tana iya yin wannan da ƙawarta ta saƙon murya a WhatsApp, ko ta riƙa faɗa wa kanta abin da take yi tana tsaka da aikin gida. Manhajojin da ake hira da su da murya suna taimaka wa mai jin nauyi ya fara, amma ba sa katse mutum, ba sa gajiya, ba sa ɗaure fuska, don haka ba su maye gurbin ɗan'adam.

Dunƙulen da ya kamata a fara riƙewa su ne na ceton kai: "sorry, say that again", "what do you call it", "how do I put this". Turawa da kansu suna faɗarsu kullum. Wanda ya san yadda zai nemi a maimaita ba ya tsoron shiga hira.

Karin harshe: me za a gyara, me za a bari

Arewa na da tarihi a nan. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibanta furuci, kuma daga cikinta Abubakar Tafawa Balewa ya fito, wanda aka yi wa laƙabi da Muryar Zinariya ta Afirka, ya tsaya gaban Majalisar Wakilan Amurka a Yulin 1961. Har yau ana yaɗa bidiyonsa ana cewa ina ma. Amma a tuna yadda aka same shi: ɗalibai kaɗan, makarantar kwana, malamai Turawa a tare da su safe da yamma. Ba adalci ba ne a auna yaron da ya fito daga aji mai mutum ɗari da wannan sikeli, kuma ba bukata.

Murray Munro da Tracey Derwing sun yi wani gwaji a Kanada a 1995. Suka sa Turawa su saurari 'yan Sin suna Turanci su rubuta abin da suka ji. Sau da yawa maganar da masu sauraro suka ce karin harshenta ya yi nauyi sun rubuta ta daidai ba kuskure. Nauyin karin harshe daban, rashin fahimta daban. Ga shi kuma, bisa ƙiyasin David Crystal, masu Turanci da ba harshen uwarsu ba ne sun ninka 'yan asalinsa sau uku. Wanda Bahaushe zai yi Turanci da shi a Dubai ko Gwanzu ko Kwalalamfur ba ɗan Landan ba ne.

Jennifer Jenkins ta bincika a littafinta na 2000 waɗanne sautuka ne ke jawo rashin fahimta a irin wannan haɗuwa. Sautin "th" da muke wahalar da yara a kansa ba ya cikinsu. Sauran baƙaƙe kuwa suna ciki, kuma nan ne aikinmu yake: "p" da "f", "b" da "v". Ma'aikaciyar jinyar da "pill" da "fill" ke fita iri ɗaya a bakinta tana da abin gyara, mako kaɗan gaban madubi tana rufe leɓɓa a kan ɗaya tana ɗora haƙori a kan ɗayan. Ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta ba mu burodi da sukurudireba, Jenkins ta ga ba ta kai yar da baƙi ɓarna ba. Tsayin wasali kuma, wanda ta sa cikin muhimmai, mu gado muka yi: kunnen da ke raba garin da ake zama da garin tuwo ba zai sha wuyar raba "ship" da "sheep" ba. Farfesa Munzali Jibril tun a digirinsa na uku a Jami'ar Lankasta a 1982 ya nazarci yadda furucin Bahaushe ya bambanta da na 'yan Kudu. Kowane da inda ya fi sauƙi da inda ya fi wuya.

Turancin Najeriya ma ya sami wurin zama. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga nan, har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", bayan shekara biyar "suya" da "japa" suka bi. Buroka kuwa harshe ne mai ƙa'idarsa, BBC ta buɗe masa sashe a 2017, kuma a Legas ko Fatakwal ko bariki shi ne harshen hira na ainihi. Ina ganin ɗan Arewa da ya koye shi ya ƙaru, muddin ya san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara.

Gaisuwa, roƙo da zagi

Inda aka fi samun saɓani da baƙo ba a nahawu ba ne, a ladabi ne. "Ba ni ruwa" magana ce lafiyayya a Hausa, murya da fuska ke ɗauke da ladabin. A juya ta kai tsaye a ce wa mai shago a Ingila "give me water", ya ji an ba shi umarni. Su da sigar tambaya suke roƙo, "could I get", "would you mind". Sannu da muke yi wa wanda ya yi tuntuɓe, idan ta fito a "sorry", Bature kan amsa cewa ai ba laifinka ba ne. "I'm coming" da muke faɗa muna fita, shi yana jiran ya ga an matso. A Najeriya duk waɗannan daidai ne, kowa ya gane; sai an ƙetare ake bukatar canji.

Gaisuwarmu doguwa ce, ta gida da aiki da gajiya da iyali. Tasu gajeriya ce, kuma "you alright?" na mutumin Ingila gaisuwa ce kawai, ba ya nufin ya ga alamar ciwo. Hirar yanayin sama ita ce tasu "ya sanyi, ya ruwa". Tambayar aure ko albashi ko shekaru kuwa a bar ta sai an saba. Abin da ya fi yi wa namu nauyi shi ne kiran shugaba ko farfesa mai furfura da sunansa gatsal. Wanda ya tashi da "ranka ya daɗe" da "yallaɓai" harshensa ba ya son ɗauka, amma idan mutum ya ce a kira shi da sunansa, ci gaba da "sir" nesanta kai ne a wurinsa.

Gargaɗi ɗaya ga matasa. Fim da waƙa cike suke da ashar, kuma zagi a harshen da ba naka ba ba ya yi maka nauyi a baki, alhali a kunnen mai harshen da nauyinsa yake sauka. Akwai kalmar da baƙaƙen Amurka ke faɗa a tsakaninsu wadda ke ɗauke da tarihin bauta. Jin ta a waƙa bai zama izini ba. Kalmomin yayi kuma saurin tsufa gare su. A fahimce su, a jinkirta amfani da su.

Gida da aji

Wasu iyaye, don kada 'ya'yansu su sha abin da suka sha, sun hana Hausa a gida. Niyyar mai kyau ce, hanyar ce nake ja da ita. Jim Cummins ya duba bayanan yaran baƙi a makarantun Toronto a 1981, ya ga cewa Turancin hira kan zauna musu cikin kusan shekara biyu, na karatu kuwa sai biyar zuwa bakwai, kuma ya daɗe yana nuna cewa yaron da ya yi ƙarfi a harshen gida ya fi saurin ɗaukar na biyu. Turancin hirar da ake tsoron yaro ya rasa shi ne mai saurin samuwa, idan akwai abokan yi. Yaron da aka raba da Hausa kuwa an raba shi da hirar kakarsa.

Abokan yin nan makaranta ce ya kamata ta samar, kuma ba sai an jira gwamnati ba. A ɗauki aji mai ɗalibai 80 da darasin minti 40. Ko malami bai ce uffan ba, aka bi layi ɗaya bayan ɗaya, rabin minti kowa zai samu. Amma ya ware minti goma ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin yadda ya zo makaranta yau, kowane yaro ya yi magana ta minti biyar, ba idon aji a kansa. Malami ya zaga yana saurare, ya riƙe kurakurai biyu ko uku da suka fi yawa, ya rubuta a allo daga baya ba tare da ya kama sunan kowa ba. Ajin zai yi hayaniya, wasu za su zame su koma Hausa, kuma shugaban makaranta da ke wucewa zai zaci malamin ya kasa riƙe yara. Don haka kafin a fara, a je ofishinsa a gaya masa abin da za a yi da dalilinsa, a kuma roƙi malamin ajin da ke maƙwabtaka ya yi haƙuri da minti goman.